Dusar Ƙanƙarar Gidaɗo

Shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya da Gidaɗo a saman wani bene mai hawa bakwai a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, kuma ban taɓa jin an ambaci wani gari a duniya ya ce bai je ba. In ka ce Istanbul, ya sha shayi a can. In ka ce Kuala Lumpur, a can aka sace masa hula. Ni kuwa, Ja'afar, a akwatina fasfonsa yake kwana, na san abin da ke ciki: tambarin fita daga Kano, tambarin shigowa Alƙahira, sai na iƙama, wato izinin zama, da ake sabuntawa duk shekara. Ban taɓa tona shi ba. Mutum ne mai kyauta, ga iya dafa wake, kuma ƙaryarsa ba ta taɓa cin kowa ba sai shi kansa.

A ƙarshen shekarar 2013 ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Gidaɗo ya faɗi jarrabawar nahawu karo na uku, jami'a ta sallame shi, tallafin karatu ya tsaya. Iƙamarsa kuma ƙarshen Janairu za ta ƙare. In bai sami wani ofis da zai ba shi takardar aiki ba, sai dai ya tattara ya koma Mubi bayan shekara tara, ba shahada ba dalili, ga mahaifiyarsa can tana ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama Shehu. Wannan kam ya dame shi. Na sha ganin ya ajiye cokali abinci bai ƙare ba, abin da ba halinsa ba ne.

Ran nan sai ga shi ya dawo daga unguwar Mohandessin yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta, da wata takarda mai ƙyalli a hannu. Wani ofishin tafiye-tafiye ne ke neman mai jin Hausa da zai riƙa raka iyalan attajiran Najeriya zuwa wani tsauni a Lubnan, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya san wurin.

"Kai kuma ka ce musu me?" na tambaye shi.

"Na ce wa Ustaz Osama, shugaban ofishin, hunturu uku na yi a can."

"Gidaɗo, kai da ko Iskandariyya ba ka taɓa zuwa ba?"

"Akhi, ilimi ai ba a ƙafa yake ba. Ga shi nan duka a rubuce."

Kwana biyu ya yi yana haddar takardar nan da irin karatun da in da nahawu ya yi wa, da tuni ya gama. A rana ta uku ya ce yana buƙatar masu sauraro, ya je ya tsuguna gaban Inna Awadiyya. Inna maƙwabciyarmu ce a saman benen, tsohuwar Bahaushiyar Sudan wadda kakanninta suka bar Sakkwato da niyyar hajji suka zaune a hanya. Tana da agwagi shida da baho babba na wankansu, da wata akuya da ba ta ganin kowa da gashi. Inna tana dama mana shayi da citta, Gidaɗo ya gyara murya.

"Tsaunin nan, Inna, tsayinsa mita dubu biyu da ɗari huɗu. Daga Disamba zuwa Afrilu a rufe yake ruf. Gefen arewa ya fi riƙe ƙanƙara, saboda rana ba ta dukansa sosai. In ka tsaya a ƙololuwa kana hango tekun Bahar Rum shuɗi shar. Sanyi kuwa har ƙasa da sifili yake sauka."

"Ƙasa da sifili?" Inna ta ajiye cokali. "Ya waladi, ɗana, sifili ai babu ce. Me ke ƙarƙashin babu?"

"Sanyi, Inna. Kuma duk yadda ka ƙara hawa, haka yake ƙaruwa."

"Yau na ji ikon Allah. Kana matsawa kusa da rana kana ƙara jin sanyi? To mu da muke hawa na bakwai, me ya sa a watan Agusta muke dahuwa a nan, Hamad mai gadi yana can ƙasa yana shan iska?"

Gidaɗo bai ko ƙifta ba. "Hawa bakwai bai kai nisabi ba, Inna."

"Allah ya kai mu nisabin," in ji ta, ta miƙa masa kofi.

Da abin ya tsaya a baki, wallahi da ya sami aikin. Amma ranar Talata Ustaz Osama ya bugo waya ya ce Gidaɗo ya kawo hotunan da ya ɗauka a can. Ina zaune ina ji Gidaɗo ya ce masa kyamarar sanyi ne ya daskarar da ita. Maimakon ya yi shiru a nan, sai bakin ya ci gaba da kansa. Ya ce ai hoto na 'yan koyo ne, shi har yanzu atisaye yake yi a saman beninsu, yana da ƙaramin tsauni na kansa. Ustaz Osama ya ce to madalla, dama ranar Juma'a zai zo Abbasiya gaida mahaifiyarsa, zai biyo bayan salla ya gani.

Gidaɗo ya kashe waya ya dube ni, na dube shi.

"Ina tsaunin?" na ce.

"Za mu gina."

"Mu?"

"Abu biyu kawai ake buƙata. Ƙanƙara da dusa."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce in saurara. Abin da ke sauka a tsaunin nan, me 'yan gidan rediyo suke kiransa da Hausa? Dusar ƙanƙara. To ga mudafu ga mudafun ilaihi, wato kalma biyu an jingina ɗaya da ɗaya. Miyar kuka, da me ake yi? Kuka. Alawar madara? Madara. Kunun gyaɗa? Gyaɗa. To dusar ƙanƙara, dusa da ƙanƙara ke nan, a haɗe. Dusar ce ke sa ta yi laushi, in ka faɗi ba ka karyewa.

"Sheikh, wannan majazi ne," na ce masa. "Kamantawa aka yi. Tana kama da dusa ne wajen laushi."

"Ka taɓa ganinta?"

"Ban taɓa ba."

"To al'aslu fil kalami alhaƙiƙa. Magana a kan zahirinta take sai in dalili ya zo. Ina dalilinka?"

"To ruwan ido fa? Akwai ruwa a ciki? Kunnen ƙashi fa?"

"Waɗannan shazzi ne, sun saɓa ƙa'ida, ba a ƙiyasi a kansu."

Na ɗauko takardar na nuna masa hoton. "Duba nan, fara ce fat. Dusa kuwa ja-ja take."

Ya buɗe akwatina ya zaro fasfonsa ya miƙo mini shafin hoto. "Dubi nan. Ni fari ne? Masu hoto ba abin da ba sa wankewa."

Haushin da na ji shi ne, mutumin da nahawu ya kayar sau uku shi ya kayar da ni da nahawu. Gaskiya kuma, tunda ban taɓa ganin abin ba, wani ɓangare na zuciyata ya fara cewa ko dai yana da gaskiya.

Ranar Laraba muka shiga kasuwar Ataba. Ya sayi kwat na gwanjo har uku, da safar hannu ta masu wanke-wanke, da tabarau. Tabarau irin na hoton bai samu ba, sai ya ɗauki na masu walda, ya ce ai duk ƙyalli suke karewa. Ranar Alhamis ya je gidan burodin unguwa ya sayo buhu biyu na radda, dusar alkamar nan da Misirawa ke barbaɗawa a ƙarƙashin burodinsu. Mai gidan burodin ya tambaye shi tumaki nawa gare shi, ya ce masa harkar wasanni ce. Da na dawo daga darasi na tarar katifata a ƙasa, katakai biyu na gadona sun yi ɓatan dabo. Na same su a waje, ya ɗaure musu takalmansa da wayar lantarki.

Safiyar Juma'a, goma sha uku ga Disamba, aka tashi da wani sanyi da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa jin irinsa ba. Iska tana kaɗawa, ruwa yana yayyafi, Misirawa sun fito sayen wake a naɗe da barguna. Mai ƙanƙarar kasuwar kifi ya kawo mana sanduna takwas a babur mai ƙafa uku, yana ta kallon Gidaɗo yana kallon sama. Lif ɗin gidan kuwa tun zamanin da ya lalace ba wanda ya ƙara tuna shi. Ni na ɗauki biyar, shi uku, amma shi ya fi nishi.

Ammu Hamad mai gadi ya tare mu a hawa na biyu. "Ya ustaz, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, ya Ammu."

"To ƙanƙara a wannan rana ta me ce? Ku 'yan Najeriya sanyin bai ishe ku ba?"

"Ka ga sanyin nan?" in ji Gidaɗo. "Alama ce mai kyau. Yanayi ma ya san da shirina."

Muka jingina wata tsohuwar ƙofa daga dandamalin tankin ruwa zuwa ƙasa, muka shimfiɗa mata ledar cin abinci. Gidaɗo ya ari turmin Inna ya shiga dakan ƙanƙara, ni ina kwaɓawa da dusa ina shafawa. Kafin a kira salla mun gama. Abin da muka samu wani irin caɓi ne ruwan ƙasa, mai ƙamshin ɗakin tumaki. Gidaɗo ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai.

"Sak," in ji shi. "Nan ƙololuwa. Nan gefen arewa. Nan kwari."

"Ina Bahar Rum?" Inna ta tambaya daga ƙofarta.

Ya nuna bahon agwaginta, wanda ke daidai ƙarshen gangaren.

"To ka dai bi a hankali, akwai jirage a ciki," in ji ta.

Ban san wanda ya kai labari masallaci ba, amma bayan salla ɗalibai sun fi ashirin suka biyo mu. Maƙwabta suka leƙo ta baranda, wasu suka hau nasu benen. Can sai ga Ustaz Osama ya iso yana haki, mutum mai ƙiba da fara'a, riƙe da ƙaramar kular fikinik shuɗiya. Ya ajiye ta gefe, ya gaisa da kowa, sannan ya tsaya gaban tsaunin ya daɗe yana kallo.

"Me ya sa launinta haka, ya Sheikh?"

"Ƙurar Alƙahira ce, ya Basha," Gidaɗo ya amsa da Larabci. "Ka san garinku."

Ustaz Osama ya ce wannan kam gaskiya ne. Gidaɗo ya fito da kwat uku a jiki har hannuwansa ba sa sauka, ya ɗauki sandunan goge ƙasa biyu, ya shiga jawabi. Ya kawo mita dubu biyu da ɗari huɗun, ya kawo Disamba da Afrilu, ya bayyana yadda iska ke ɗebo danshi daga teku ta hau tsauni ta huce ta zubar. Wallahi ya yi kyau. Har na ga Ustaz yana gyaɗa kai yana cewa, "Tamam, tamam."

Yana cikin bayanin gefen arewa tantabara ta farko ta sauka a kan gefen arewan. Sai ta biyu. Kafin ya kai ƙarshen jimla sama ta yi duhu. Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san kowace unguwa da masu kiwon tantabaru a hasumiyar katako a saman bene, kuma ba abin da ke jawo faɗa irin a ce ka yaudari tantabarun wani da tsaba. To ranar nan tantabarun Abbasiya gaba ɗaya suka sauka a tsaunin Gidaɗo. Daga benen da ke fuskantarmu wani ƙato mai bargo a kan singileti ya fara kaɗa tuta yana ihu.

"Ya harami! Ɓarawon tantabaru! Na gan ka!"

"Tsuntsayen tsauni ne, ya Basha," in ji Gidaɗo. "A can ma haka suke yi."

Agwagin Inna suka ga ana biki ba su, suka fito daga Bahar Rum a jere suka kama cin kwari. Akuya kuwa ta tsinke igiyarta, ta zo ta sa kai a gefen arewa ba sallama.

"Ya waladi," Inna ta kira shi, "ka yi abin da za ka yi da wuri. Akuyata ta kusa cinye mita ɗari biyu."

Daga hawa na shida wata mata ta leƙo tana tambayar wane mara tsoron Allah ne ke zubo mata kunu a kan shanya. Ammu Hamad ya hayo da tsintsiya yana rantsuwa da kabarin mahaifinsa. Gidaɗo ya ga lokaci na ƙurewa, ya sa ƙafa a takalman da ke ɗaure da katakan gadona, ya nufi tsanin tanki. A nan ne muka gano ba a hawa tsani da katako mai tsawon mutum a kowace ƙafa. Mu huɗu muka ɗaga shi muka ɗora, ya kusa cire wa wani ɗan Zariya haƙori da wutsiyar katakon.

Ya tsaya a ƙololuwa, ya sauke tabarau ɗin walda a ido.

"Ja'afar!"

"Na'am."

"An kashe wuta ne?"

"Rana tsaka ce, Sheikh. Cire tabarau."

"Ƙwararru ba sa cirewa. Ina Bahar Rum?"

"Gabanka."

Ya yi bismilla da ƙarfi, ya karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshenta, ɗalibai suka amsa da amin. Ya durƙusa irin na mutumin cikin hoto, ya tura da sanduna. Bai motsa ba. Dusa ta sha ruwa ta zama danƙo, ta riƙe katakan gam. Ya sake turawa, sanda ɗaya ta karye.

"Yalla, ya kaftin!" wani ya yi ihu daga baranda.

"Wannan tsayuwar nazari ce," in ji Gidaɗo. "Ana karanta iska tukuna."

Akuya ce ta yanke hukunci. Ta gama da dusar ƙasa, ta kama bakin ledar ta fisga. Ledar ta taho gaba ɗayanta, da dusa da tantabaru da Gidaɗo a tsaye a kai. Zamiya kam ya yi ta, ba wanda zai hana shi wannan. Ya wuce ta ƙarƙashin igiyar shanyar Inna ya tafi da zaninta a wuya, sandar da ta rage ta maƙale dish ɗin talabijin na gidan ta juya shi ya kalli Giza, sannan ya faɗa bahon agwagi da baya, ƙafafu a sama. Katako ɗaya ya kwance ya yi tsalle ya haye katanga. Muka ruga muka leƙa. Allah ya tsare, a kan rufin wata ƙaramar bas ya sauka, direba bai ma ji ba. Ina kallo rabin gadona ya kama hanyar Ramsis.

"Sajami! Wayyo ni!" Inna ta ɗora hannu a ka. "Ya nutse a Bahar Rum!"

Benaye huɗu suka ɗauki tafi da fito. Har mai tantabaru ya ajiye tuta yana riƙe ciki. Muka tsamo Gidaɗo, ruwan agwagi yana zuba daga aljihunan kwat uku, gashin tsuntsu a gemunsa. Ya ɗaga tabarau, ya dubi jama'a, ya ce, "Wannan ita ake kira saukar gaggawa."

Ustaz Osama yana zaune a kan bokiti yana share hawaye. Da ƙyar ya iya magana. "Khalas, ya Sheikh, ya isa haka, za ka kashe ni. Saurara. Zamiya ba ka iya ba, wannan kowa ya gani. Amma ba komai, akwai masu koyarwa a can. Ni mutumin da ya san wurin nake so, wanda baƙi ba za su gaji da shi ba. Ka zo ranar Lahadi in ba ka takardarka."

Ban san sanda na rungume Gidaɗo ba, da ruwan agwagin da komai. Na ji daɗi har cikin raina, don na san abin da takardar nan take nufi. Da Allah ya sa ya ce na gode ya shige ɗaki ya canza kaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ustaz Osama ya jawo kularsa. "Af, har na manta. Na kawo maka tsaraba. Na san ka yi kewarta."

Ya buɗe. Cike take da wani abu fari tas, mai laushi, an dunƙule wani sashe kamar curin fura. Kowa ya matso. Gidaɗo ya leƙa, ya sa yatsa ya taɓa, ya shinshina. Na ga ya gyara tsayuwa irin wadda na sani.

"Ya Basha, a ina ka sayi wannan?"

"Saya?"

"An cuce ka. Wannan ƙanƙarar bangon firji ce aka kankaro maka. Jabu ce."

Na taka masa ƙafa, amma katakon na taka, bai ji ba.

"Jabu?" in ji Ustaz Osama, murmushinsa ya fara raguwa.

"Ƙwarai. Mu da muka zauna a can kallo ɗaya muke mata. Ina raddar? Ta gaskiya da radda a ciki. Wannan ko ƙwaya ɗaya babu."

"Radda? Ta burodi?" Ustaz ya juyo gare ni. "Me yake cewa?"

Ba yadda na iya. Na bayyana masa cewa a harshenmu sunan abin dusar ƙanƙara, na fassara masa kalma da kalma. Ammu Hamad ya ji, ya maimaita wa matar hawa na shida, ita ta jefa wa baranda ta gaba. Ina ji maganar tana tsallaka titi bene zuwa bene, duk inda ta sauka sai dariya ta tashi. Ɗaliban Hausawa kuwa, da yawansu sai a lokacin suka gane abin da aka shafa wa ƙofar, wasu har zama suka yi a ƙasa.

Ustaz Osama bai yi dariya ba. Ya zaro waya ya nuna wa Gidaɗo. Ga motarsa a ƙofar gidansa, can sabbin unguwannin gabashin gari, an lulluɓe ta fari fat, ga 'ya'yansa suna jifan juna.

"Yau da safe ta sauko mana daga sama, ya Sheikh. Mahaifiyata shekararta saba'in da biyar, ba ta taɓa gani ba, shi ya sa na kwaso mata a kan motata. Na rage maka saura."

Gidaɗo ya dubi wayar, ya dubi kular. "To, ta Masar ce," in ji shi, muryar ta yi ƙasa. "Wataƙila ba a gama haɗa ta ba."

"Ka rantse mini da Allah ka taɓa zuwa tsaunin nan," in ji Ustaz.

Gidaɗo zai iya gaya maka ya yi hira da limamin Makka a jirgi, amma rantsuwa a kan ƙarya ba ya yi, ko da wuƙa a wuya. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Ban taɓa ba," in ji shi.

Ustaz Osama ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Wanda bai iya zamiya ba zan iya tura shi. Amma 'ya'yan mutane zan damƙa maka a kan dutse, in hanya ta rufe kai za su tambaya. Ma'alish, ya Sheikh, ka yi haƙuri." Ya juye abin da ke cikin kular a tiren shayin Inna, ya ɗauki kularsa ya sauka.

Jama'a suka watse da kaɗan-kaɗan. Inna ta shiga ta kawo bargo ta yafa masa, ta ɗora ruwan citta a wuta. Gidaɗo ya tsuguna gaban tiren, ya cire safar wanke-wanken, ya ɗebi abin a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo tana narkewa tana bi ta tsakanin yatsunsa.

"Ja'afar, ashe ba ta da nauyi."

"Ba ta da shi."

"Majazi ne," in ji shi.

Tausayinsa ya kama ni har na kasa ce masa ai na faɗa maka.

Ƙarshen Janairu na raka shi filin jirgi da akwati ɗaya da kwat uku. Bayan kamar wata biyu, ina cikin bas za ni darasi, sai ga kiransa daga Mubi. Ina jin hayaniyar majalisa a bayansa.

"Akhi, na sa ka a sifika. Don girman Allah gaya wa mutanen nan. Dusar ƙanƙara ta sauka a Masar ko ba ta sauka ba? Na riƙe ta a hannuna ko ban riƙe ba?"

"Ta sauka," na ce da ƙarfi. "Ya riƙe ta. A gabana aka yi."

Majalisar ta fashe da dariya. Wani dattijo ya matso kusa da wayar ya ce, "Malam Gidaɗo, ta Istanbul mun karɓa, ta Kuala Lumpur ma mun karɓa. Amma ƙanƙara a ƙasar Fir'auna, tsakiyar sahara? Haba. Wannan kam ka ji tsoron Allah, kai da abokin naka."